Ɗaki na Uku a Kwamfutar Dayyabu

Ku matso, ku rage murya. Wannan a kan Dayyabu ya faru, ɗan ajinmu, mutum mai kafiyar tsiya.

Laftof ɗinsa ɗaki biyu gare ta. In ka kunna sai ta tambaye ka, Windows za ka shiga ko Linux. Aikinsa na kammala karatu yana cikin Linux, kuma ranar ce ta ƙarshe ta turawa. In bai tura ba, sai ya maimaita shekara.

Sai wayales ya ɗauke. A Windows yana kamawa lafiya lau, a Linux ko alamarsa babu. Ya kashe ya kunna, ya sake saka manhajar da ke tafiyar da wayales ɗin, ya danna duk abin dannawa. Shiru. Maimakon ya kwafe aikin a filas ya tura ta Windows, wai shi sai ya gano matsalar.

Da magariba ya ɗauki kwamfutar ya nufi kangon da ke bayan makaranta, inda ake cewa sabis ya fi ƙarfi. An ce ya jira a raka shi, ya ƙi.

A bakin kangon ya tarar da wani dattijo zaune a kan bulo. Dayyabu ya wuce shi ko gaisuwa babu, ya buɗe kwamfuta.

Leɓen dattijon suka motsa. Ba sauti. Sai da ya rufe baki sannan muryar ta iso.

"Ba ka kashe ɗakin farkon ba. Kwantar da shi ka yi. Yana riƙe da ƙofar."

Tsoro ya kama Dayyabu, amma maganar gaskiya ce. Ya koma Windows, ya cire saitin saurin tashi da ke hana ta mutuwa sosai ta saki wayales, ya kashe ta gaba ɗaya. Ya shiga Linux. Nan take wayales ɗaya ya bayyana, sabis cike, ba suna, ba lambar sirri. Bai tambayi na waye ba. Ya shiga, ya tura, aikin ya tafi.

Da ya ɗago, bulon babu kowa. Muryar ce kawai ta iso, dab da kunnensa.

"Ka shigo mana ba sallama. Mu ma muna tafe."

Bai tsaya neman takalminsa ba.

Aikin ya isa, ya ci jarrabawa. Amma tun washegarin daren nan da ya kunna, ɗakuna uku ya gani. Na ukun ba suna, kuma zaɓin a kansa yake, daƙiƙun da suka rage kwamfutar ta shige shi da kanta suna raguwa. Da ƙyar ya kauce. Ya goge komai, ya sake faifan ajiya, har sabuwar kwamfuta ya saya. Yana kunnawa ya gan shi.

Har yau hannunsa na kan madanni kafin ya kunna, don ya lura daƙiƙun kullum ƙara gajarta suke.

Kada wanda ya je kangon nan shi kaɗai. Kuma in kun ga wayales a buɗe, ku fara tambayar mai shi.