Ƙyauren Ɗakinmu

"Hannu kawai za ki sa, Malamata... nan, ƙasan sunana."

Na dubi takardar, na dubi mijina. Ya miƙo min biro.

"Ka karanta ta?"

"Mai Katako ya yi min bayani."

"Gwanina, ba bayani na tambaye ka ba. Ka karanta?"

Ya sunkuyar da kai.

Dama na sani. Ni malamar makaranta ce, ko takardar magani sai na bi ta layi-layi da jan biro. Shi kuwa kafinta ne mai kunyar tsiya, in dai ka ce masa "don Allah" zai sa hannu a kan komai.

Yadda yake aikinsa tun fil azal shi ne ya karɓi kafin alƙalamin wannan ya ƙarasa aikin wancan. Shekaru abin yana tafiya, har ranar da katako ya ninka kuɗi, wani mai otal kuma ya fasa kujeru ɗari da aka riga aka yanka. Sai ya shiga ɗibar katako bashi, da baki kawai, ba jingina ba komai. Yanzu ga Mai Katako ya aiko takarda: zai ɗaga masa ƙafa wata shida, in aka jinginar da gidanmu.

Gidan kuwa da sunanmu mu biyu yake. Da gadon Babana na sayi filin na tayar da gini, shi ya yi rufi da tagogi da ƙyamare bakwai, kowanne da hannunsa. Ni na nace a rubuta sunansa gefen nawa, don so ya rufe min ido a lokacin. Har yanzu ma bai buɗe ba.

"Ba zan sa ba," na ce.

"Malamata..."

"Ba ni kwana biyu."

Washegari Yayana ya zo, ko zama bai yi ba ya fara.

"Ban faɗa miki ba? Ranar da kika sa sunan mai zarton nan a takarda, me na ce miki?"

"Yaya, don Allah..."

"Gumin Baba ne fa! Ki sa shi ya mayar miki da rabinsa yau-yau, ya kwashi gudumarsa ya ƙara gaba!"

Ƙara gaban ne ban yarda da shi ba, amma mayar da rabin ya shige ni. Na tafi ofishin ƙawata lauya da saurina, ina jin kamar na samo mafita. Ta saurare ni har na gama, sannan ta cire tabarau ta ajiye.

"Ƙawas, kin makara. Da kafin bashin kuka yi, da ba mai magana. Yanzu kotu za ta ce ɓoye dukiya kuka yi, ta warware."

"To ya zan yi?"

"Bashin nan ba jingina a kansa. Sai ya kai ƙara, in ya ci ma rabon mijinki zai iya bi, ban da naki. Amma kina sa hannu, kin miƙa masa gidan gaba ɗaya."

"Rabon mijina fa? Ba yadda za a tsare shi?"

Ta girgiza kai.

"To ni me zan yi?"

"Ba komai. Ki riƙe hannunki kawai."

A bakin titi na tsaya ina kuka kamar ƙaramar yarinya, masu mota suna kallona. Na zo neman abin yi, an ce min in zauna in naɗe hannu. Wallahi ban taɓa jin na zama banza irin ranar ba.

Da yamma Mai Katako ya zo da kansa. Ya taɓa nemana kafin in yi aure, na ce masa a'a, kuma ashe bai manta ba. Yana magana idonsa na kan bango, yana auna falona kamar mai sayen sito.

"Malama, taimako na zo yi. Sa hannu ɗaya, mutuncin mijinki ya tsira."

"In ban sa ba fa?"

"Gobe duk layin kafintoci za su san macuci ne. Jibi kuma sammaci."

Yana fita mijina ya fito daga ɗaki. Ashe duk ya ji.

"Bango kika zaɓa a kaina?"

"Gwanina, in gidan nan ya tafi ina za mu kwana?"

"Zan biya cikin wata shida!"

"Da me? Da kafin alƙalamin wa kuma?"

Da na san yadda maganar za ta soke shi, da na haɗiye ta. Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya sa takalmi ya fita.

Kwana huɗu ba ya cin abincina. Mai Katako ya cika alkawarinsa, waɗanda suka ba shi aiki suka bi layi suna karɓe kayansu rabi da rabi daga shago. Ina ji ina gani ana yaga mutumin da nake so, maganin yana hannuna, kuma na san guba ne. Sau uku ina ɗaukar biron nan ina ajiyewa.

Ranar Asabar da hantsi wata Hajiya dattijuwa ta yi sallama. Nas ce mai ritaya, ta biya kuɗin ƙyamare bakwai tun wata biyar. Ba ta yi faɗa ba, zama kawai ta yi a dakalinmu.

"'Yata, mai gidan da nake haya ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ginina yana nan ba ƙyaure ko ɗaya. Ni ba kuɗi nake so ba, ina zan kai su?"

Ban da ruwa ba abin da na iya ba ta. Mijina yana bayan taga, bai fito ba.

Na raka ta ta hau mota, na biya kasuwa. Ina dawowa na tarar da a-kori-kura a ƙofar gida, an jera ƙyamare shida a bayanta. Na falo, na kicin, na ɗakin baƙi... duk na gane su.

Na shiga da gudu. Yana durƙushe gaban ɗakinmu da sukundireba a hannu, ya kasa taɓa na bakwai. Shi ne ƙyauren da ya yi wata guda yana sassaƙa wa furanni kafin mu tare.

"Na mayar wa Mai Katako takardarsa," ya ce, bai ɗago ba. "Ba hannun kowa a kai. Ga abin da ya ba ni a madadinta."

Sammaci ne, a ninke a aljihun rigarsa.

"Ki yafe min, Malamata. Na so in tura ki ramin da na haƙa. Rabona kuma... wataƙila ya tafi. Ban san yadda zan hana ba."

"Ni ma ban sani ba," na ce, hawaye na zuba.

"Wannan zan bar miki. Zan ba Hajiya haƙuri, in yi mata wani in na samu katako."

"Da kuɗin wa?"



Na ajiye jakata, na dafa ƙyauren da hannu biyu.

"Kwance, Gwanina. Na riƙe."

Da motar ta tafi, na ɗauko tsohon zanin gado muka rataya a bakin ɗakin da ƙusa biyu. Iska tana shiga ta ko'ina, gidan duk ya zama baƙo. Muka zauna a ƙasa, kafaɗata a jikin tasa, ƙamshin katako yana tashi daga rigarsa.

Ya zaro sammacin zai miƙo min kamar yadda ya saba. Na mayar masa, na ɗora jan birona a kai.

"Kai za ka karanta. Da ƙarfi, layi-layi."

Ya share ido da bayan hannu, ya sa yatsa a layin farko, ya fara.