Hannun Da Bude Karsih Ta Ɗaure

Wayyo maraici! Tun Sumirah ba ta iya ɗaura zane ba take zaune cikin gashin agwagwa a gidan yayar mahaifiyarta, Bude Karsih, a garin Tegal, tana tsinta ana haɗa ƙwallon badminton na sayarwa. Allah ya yi ta bahaguwa, ita kuwa Bude gani take wannan abin kunya ne. Sai ta riƙa ɗaure mata hagun a baya da tsumma tun safe har la'asar, yarinya na kuka tana aiki da hannu guda.

"Mummunan hannu ba a gidana ba! Na ƙara ganin kin ɗaga shi sai na karya shi!"

Haka Sumirah ta koyi komai da dama bisa dole. Dewanti, 'yar Bude ta cikinta, ita aka saya wa raket, wato sandar buga ƙwallon, Sumirah kuwa 'yar riƙon jaka ce, har ranar da Pak Harjo mai horarwa ya ba ta aron raket, ya ga abin mamaki, ya sa ta cikin 'yan wasansa. Da hannun daman ta yi suna, tana ciyo kofuna Bude na jerawa a falo da sunan na Dewanti ne. Abin da ba wanda ya sani shi ne, kullum aka aike ta shanyar gashi bayan rumfa, sai ta kama wani tsohon raket da hagu ta yi ta bugun bango har gumi ya jiƙa ta, don a nan kaɗai take jin daɗin ranta.

Kwanci tashi aka zo gasar zaɓen 'yan wasan ƙasa. Gurbi ɗaya ne tak a sansanin Jakarta, kuma wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin 'yan gida ɗaya! Da safen ranar Sumirah na tsugune a madafa tana turara ƙwallaye a bakin buta don gashin ya yi laushi, sai ga Dewanti da murmushi.

"Kawo in taya ki, ƙanwata."

Ƙafa ta sa ta ture butar... tafasasshen ruwa ya kwarara a hannun daman Sumirah!

"Innalillahi! Yaya Dewanti, me na yi miki? Me na yi miki?"

Wallahi wasu mutanen ba su da imani! Kafin a gama naɗe mata hannu, Bude ta riga ta isa filin wasa tana matsar hawaye, wai yarinyar da kanta ta ƙona hannun don tsoron karawa da Dewanti. Da Sumirah ta iso, har masu sayar da shayi nuna ta suke: "Ga matsoraciya nan!" Pak Harjo ma kau da kai ya yi, wannan kuwa ya fi ƙunar yi mata zafi. Ta jingina da bango tana kuka. "Ya Allah, ba ni da uwa ba ni da uba, kai ne gatana..." Sai ta share fuska ta nufe shi.

"Pak, kada a cire sunana. Zan buga."

"Da wane hannun, 'yar nan?"

Ta ɗaga hagun.

Dariya ta ɓarke a zauren wasan, Dewanti har da riƙe ciki. Ta kuwa cinye zagayen farko cikin sauƙi, don Sumirah na ɗaga hannu sai ta waiwayi Bude gabanta ya faɗi. A hutu Pak Harjo ya tsuguna gabanta, idonsa ya kaɗa. "Wannan hannun ya san raket! Ki yafe min, Sumirah. Daina kallon kowa, sake shi!"

Ai kuwa ta sake shi! Ƙwallo ya riƙa zuwa a karkace ta inda Dewanti ba ta saba ba, ta yi dama ya faɗi hagu, ta ruga raga ya wuce bayanta. Zaure ya kaure da ihu da ganguna, waɗanda suka kira ta matsoraciya su ne kan kujeru suna "Su-mi-rah! Su-mi-rah!" Ta ci na biyu! A na uku ta daka tsalle ta sauke bugun ƙarshe kan layi, tas!

Dewanti ta yi jifa da raket, ta juya ga uwarta tana kururuwa, ta manta tana gindin lasifikar alƙali.

"Ke kika ce in ƙona na daman! Me ya hana ki gaya min tana da wani?"

Kowa a zauren ya ji da kunnensa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya! Aka haramta wa Dewanti wasa, 'yan sanda suka tasa ƙeyarta ita da uwarta, kulob-kulob kuma suka daina sayen ƙwallon gidan.

Sumirah ta tafi Jakarta, ta yi shekaru tana ɗaga tutar ƙasarta da hagu. Ranar da ta dawo Tegal da lambar zinare, Bude ta kutso cikin taro a rame, ta kama hagun nan ta ɗora a goshinta tana kuka. Sumirah ba ta janye ba.

"A hankali, Bude," ta ce, hawaye na zubo mata. "Har yanzu akwai shatin tsumman."