Gobara a Ɗakin Gwajin Malama Radiyya

Ranar Lahadi bayan la'asar masu sayar da rake suka hango hayaƙi na tashi daga wata makarantar sakandaren 'yan mata da ke Azare. Kafin a kashe wutar, rabin ɗakin gwajin kimiyya ya ƙone. Saura mako uku 'yan aji shida su fara jarrabawar fita, kuma shi kaɗai ne ɗakin gwajin da makarantar ke da shi.

Da safiyar Litinin Sufeto Murja Abdulsamad ta iso. Ta fara duba ƙofa. Ba a fasa kwaɗon ba. An kwance ƙusoshin ƙarfen da yake rataye a jiki, an jera su guda huɗu a bakin taga. A ciki, madubban duba ƙwayoyin halitta guda shida suna nan a kabad ɗinsu. Aljihun tebur ɗaya ne kawai a buɗe. A kwamin wanke hannu akwai tokar takarda, gefensa kuma kwalbar sifirit ta fashe.

"Me ke cikin wannan aljihun?" ta tambayi malamar bayoloji, Malama Radiyya, wadda idanunta suka yi jajir.

"Rajistar jini. Muna darasin gadon halitta ne. Na gwada wa kowace yarinya rukunin jininta, na ce su tambayo na iyayensu su rubuta da hannunsu. Yau ya kamata mu bi su ɗaya bayan ɗaya a allo."

"Su waye ke da makulli?"

"Ni da Maikuɗi, mai kula da kayan ɗakin."

Maikuɗi ya yi ta rantsuwa. Tun Asabar yana Chinade wajen sunan ɗan ƙaninsa, ɗan acaɓan da ya dawo da shi kuma ya tabbatar. Murja ta sallame shi. Mai makulli a aljihu ba zai tsaya kwance ƙusa ba.

Akwai wata ɗaliba, Suwaiba, da malamar ta kora daga aji saboda satar amsa, aka ji ta tana cewa sai ta rama. Aka bincika, kwana uku ke nan tana kwance a asibiti da zazzaɓi.

Saura mai gadi, Malam Bappayo, dattijon Bafulatani.

"Baba, wa ya shigo jiya?"

"Wallahi babu baƙon da ya shigo."

Murja har ta juya, sai ta dawo.

"Wanda ba baƙo ba fa?"

"Sai dai Malam Jaji kafinta. Shi ai ɗan gida ne, shi ke gyara mana benci. 'Yarsa ma a nan take."

Ta koma wurin malamar ta tambaya ko akwai wani kwafin rajistar. Ashe Malama Radiyya ta ɗauki hotonta a waya tun ranar Juma'a don ta shirya darasi a gida. Suka bi sunayen har suka zo kan Khaulat Jaji. Nata O. Na mahaifiya O. A gurbin uba an rubuta A, amma takardar ta ɗan ƙuje a gefen harafin. Murja ta ja hoton ya ƙara girma. Ana iya ganin sauran B da aka kankare da reza.

"In da AB ne fa?"

Malamar ta ce, "Kowane ɗa rabi yake ɗauka daga uba, rabi daga uwa. Mai AB, ko dai ya ba da A ko ya ba da B. Da wuya ƙwarai ya haifi mai O." Ta dafe baki. "Innalillahi. Da a gaban yara arba'in zan zana wannan."

Shagon Malam Jaji na bayan tashar motocin Gamawa. Murja ta same shi zaune kan benci, ba ya aikin komai, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Ya amsa sallamarta cikin Hausar mutanen Yobe.

"Malam, me ya sami hannun?"

"Aiki."

"Bari in gaya maka abin da na gani. Wanda ya shiga ɗakin nan ba ɓarawo ba ne, don ya bar madubbai masu tsada. Ya jera ƙusoshi domin ya mayar da su, irin na mai sana'a. Takarda ɗaya ya je ƙonawa a inda wuta ba za ta yaɗu ba, bai san abin da ke cikin kwalbar gefensa ba. Ya kuma yi ƙoƙarin kashe ta da hannu."

Malam Jaji ya sunkuyar da kai. Bai musa ba.

"Shekara goma sha huɗu ke nan," in ji shi. "Ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu, ni da matata Mariyamu muka yanki daji. A bakin wani rafi muka tarar da yarinya, ba ta kai shekara biyu ba, tana jan zanin wata mata da ta riga ta cika. Mu kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Mariyamu ta goya ta. Da muka iso Azare, kowa ya ce 'yarmu ce, muka ce e."

"Ina Mariyamun?"

"Bara ta rasu. Ta roƙe ni kada yarinyar ta taɓa ji." Ya share ido da bayan hannun hagu. "Ranar Alhamis Khaulat ta karɓi katina na ba da jini da tsohon katin asibitin uwarta. Ranar Asabar ina jin ta tana bitar karatu da ƙarfi, wai mai AB ba ya haifar mai O. Na san abin da ke katina. Ranki ya daɗe, in aka faɗi haka a aji, me garin nan zai ce? Za a ce Mariyamu ta ci amanata, ga ta a kabari ba ta da bakin kare kanta. Na ce in babu littafin, ƙila a tsallake darasin."

"To me ya sa ka ƙona shi bayan ka kankare harafin?"

Ya ɗago kai. "Wane harafi?"

"Ni na kankare."

Khaulat ce a bakin ƙofa da kayan makaranta. An tashe su da wuri saboda gobarar, babu wanda ya ji isowarta.

"Tun ranar Alhamis na lissafa, Baba. Sau uku na sake. Washegari na sa reza, don kada kowa ya yi maka wani kallo." Ta shigo cikin shagon. "Da ka bari, da babu wanda zai sani."

Murja ta rufe littafinta ta fita waje, ta ba su minti goma. Ta san shugabar makarantar ta riga ta shigar da ƙara, dole ta tafi da shi. A rahotonta za ta rubuta kwance ƙofa da ƙona takarda. Abin da takardar ta ƙunsa kuwa, ba ta ga dalilin sa shi ba.

Da ta dawo, yarinyar na durƙushe a gabansa tana warware tsumman ta ga ƙunar.

"Baba, wane suna suka sa mini?"

"Ban sani ba, 'yata. Babu wanda ya rage da zan tambaya."

Khaulat ta gyaɗa kai. Ta mayar da tsumman a hankali, ta ɗauko masa hularsa, ta rufe shagon da kanta. Da Murja ta ce ta koma gida, sai ta girgiza kai.

"Ba kowa a gidan. Inda za a kai babana, can za ni."