Ƙwaryar Dogo Ba Ta Cika

Duk wanda ya rayu a ƙasar Gumel bayan yunwar Kakalaba ya san falle. Ka karɓi damin gero ɗaya da bazara, lokacin da rumbu ya ƙare yara suna kuka, ka biya biyu da kaka. In ka kasa, biyun nan su zama huɗu baɗi. Ba a yi wa kowa dole, yunwa ce take kai mutum da ƙafarsa.

Haka ta kai Barau, wani manomi a gefen Gagarawa, ƙofar Ɗantala mai hatsi. Kafin a je ko'ina gonarsa ta gado ta zama jingina, ga shi Turawa sun ce haraji sai da sulalla. Amma in za a faɗi gaskiya, ba talaucin ne ya fi ci wa Barau rai ba. Ganin Ɗantala zaune a kan buzu mutane suna durƙusa masa, shi ne yake hana shi sakat. Bai taɓa roƙon Allah ya raba shi da falle ba, so yake ya zama shi ne mai bayarwa.

A kasuwar Maigatari wani dillalin raƙuma ya raɗa masa labarin Dogo, bokan da yake zaune a wani kufai da yunwa ta kwashe mutanensa. Barau ya isa da rana tsaka. Katangu duk sun zube, amma a tsakiyar kufan ga wani rumbu a tsaye lafiya lau, an ɗaure masa tsummokaran baƙin saƙi da ƙahonin awaki, jini ya bushe a gindinsa har ya yi ɓawo. Ƙanshin sabon gero yana tashi, duk da haka babu tsuntsu ɗaya a kai, babu ko tururuwa a ƙasa. Da mai hankali ne, a nan zai juya.

Dogo yana zaune a inuwar rumbun, da wata tsohuwar ƙwarya a cinyarsa. Ya ce, "Kada ka yi sallama, kada ka yi bisimilla. Zauna."

Barau ya tsugunna. "Ranka ya daɗe, arziki nake nema."

"Ba na sayarwa, ba na kyauta. Rance nake bayarwa, irin wanda ka sani. Zan zuba maka ƙwarya ɗaya, ka juye a rumbunka, ba za ka ƙara ganin ƙasansa ba. Abin da ka ɗiba, da kaka ka mayar ninki biyu. Da ƙwaryata za a auna."

Barau ya yi lissafi a zuci: in ya ba mutane ɗaya suka biya biyu, ai da gumin wasu zai biya. Ya ce, "In kuma ya gaza?"

"Sai in ɗauki jingina."

"Gonata tana hannun Ɗantala."

"Me zan yi da ƙasa? Faɗa mini masu ci a tukunyarka."

Dogo ya tsaga masa ɗan yatsa, ya shafa jinin a bakin ƙwaryar. Barau ya fara lissafawa: mahaifiyarsa Iya, matarsa Lauratu, 'yarsa Kande. Kowane suna ya faɗa, sai boka ya jefa ƙwayar baƙin gero a ƙwarya, ta yi ƙara kamar an jefa dutse a rijiya.

"Ba saura?"

"Akwai ɗana Ilu, amma ya yi aure, tukunyarsa daban."

Dogo ya yi murmushi. "Wanda bai shiga ba, ba na taɓa shi. Sai in shi ya shigo da bakinsa."

Barau bai tambayi abin da za a yi da sunayen ba. Mai karɓar bashi kunnensa ɗaya ne, abin da za a ba shi kaɗai yake ji.

Arziki kuwa ya zo. Ya fanshi gonarsa, ya yi soro, ya sayi jakuna masu kai gyaɗa Kano. Daga Sule Tankarkar har ƙauyukan Gumel mutane suka riƙa zuwa karɓar falle, shi ma ya samu buzunsa ya zauna. Ya fi Ɗantala tsanani, don wanda ya taɓa durƙusawa ya san inda gwiwa take ciwo.

Da kaka Dogo ya zo, ya ajiye ƙwaryarsa a tsakar gida. Aka yi ta sussuka ana zubawa. Gero yana shiga, ƙwarya ko rabi ba ta kai ba. Sai a lokacin Barau ya tuna bai taɓa auna abin da yake ɗiba ba: na ci, na biki, na gini, na burga a kasuwa.

"Ranka ya daɗe, a ɗaga mini zuwa baɗi."

"Na ɗaga. Sauran zai ninka. Jingina kuwa yau zan ɗauka."

Kafin la'asar Iya ta kwanta a tabarmarta, ba ta tashi ba. Mutane suka ce tsufa ne, Barau ma ya yarda da hakan don ya fi masa sauƙi.

Daga nan ya faɗa ramin da masu bashi suke faɗawa: ya riƙa ɗiba daga rumbun yana bayar da falle don ya biya tsohon bashi, kowace ɗiba kuwa sabon bashi ce. Kakar da ta biyo, Kande, yarinya lafiyayya, ta faɗi a bakin turmi da taɓarya a hannunta. Wadda ta biyo bayanta, boka bai ɗauki ran Lauratu ba, hankalinta ya ɗauka. Ta koma zama a ƙofar gida tana auna yashi da ludayi tana zubarwa, duk wanda ya wuce ta ce masa, "Bai cika ba, Malam, bai cika ba."

Barau ya toshe bakin rumbun da laka, ya sayar da jakuna, ya sayar da soro da gona, ya sayi hatsi ya zuba. Ƙwarya ta shanye. Da ciwo ya kwantar da shi, ya rame ya zama kamar kara, sai Dogo ya leƙo duba shi.

Barau ya ce, "In na mutu, ya ƙare?"

"Bashi yana bin mai shi kabari. Sai fa in wani ya ɗauka."

Tsoro ya kama Barau, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya san al'ada: ba a sallatar gawa sai liman ya tambayi ko akwai mai bin mamaci bashi, ɗa na kirki kuma shi ne yake miƙewa ya ɗauke wa ubansa nauyi. Ilu kuwa ɗa ne na kirki. Shi yake jinyarsa, shi yake ciyar da Lauratu, ga matarsa Sabuwa da tsohon ciki.

Ya kira shi. "Ilu, ranar da za a kai ni, in liman ya yi tambaya, ka yi shiru."

"Haba Baba, in bar ka da bashi a kabari? Wa yake bin ka?"

Kalma kaɗan ta rage ya tsirar da ɗansa. Amma kafin nan dole ne ya faɗi cewa da bakinsa ya ba da sunan uwarsa da na 'yarsa, da na matar nan mai auna yashi a ƙofa. Ya dubi fuskar Ilu, mutum ɗaya da ya rage yana ganin girmansa, kunya ta ɗaure masa harshe. Ya ce, "Ka dai yi shiru." Ilu ya gyara masa mayafi, ya ɗauka zafin ciwo ne.

Ranar jana'iza aka ajiye makara, aka yi sahu. Liman ya ce, "Jama'a, akwai mai bin Barau bashi?"

Daga bayan sahu wani dogon mutum ya ce, "Ina bin sa."

"Nawa ne?"

"Cikon ƙwarya ɗaya na gero."

Wasu har suka yi tsaki, a kan ƙwarya ɗaya za a tsayar da gawa? Liman ya ce, "Wa zai ɗauka?" Rana tana dukan makara, idanu duk suka koma kan Ilu. Ya tuna maganar ubansa, ya kuma ji ana raɗa cewa ɗan Barau ya kasa fansar ubansa da ƙwaryar hatsi. Ya matso gaba.

"Allah gafarta Malam, bashin mahaifina yana wuyana. Na ɗauka."

Jama'a suka ce Allah ya yi albarka. Aka yi salla, aka kai Barau.

Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, wannan kowa ya sani. Abin da mai kwaɗayi yake mantawa shi ne, ƙofar da ya buɗe ba shi kaɗai zai bi ta ciki ba. Kai mai miƙa hannu ka karɓi ɗaya a kan biyu, ka tambayi abin da aka riƙe maka tun kana da bakin tambaya, don mai ba da irin wannan rance ba ya so ka gama biya.

Da Ilu ya dawo daga maƙabarta, ya tarar da dogon mutumin zaune a zaurensa da ƙwarya a cinya. A cikin gida mata suna guɗa, Sabuwa ta sauka lafiya.

Dogo ya ce, "Zauna. Faɗa mini masu ci a tukunyarka."