Hoton Nu'man a Ƙasar Sin

Rahinatu na tsugune a tsakar gida tana surfen wake, rediyon maƙwabta na ta ɓaɓatu ta bayan dangar kwano, sai ga Baffa Gali ya faɗo, ko sallamar kirki bai ƙarasa ba. Ƙanen mahaifinta ne. Shi fa in labari mai daɗi ya kawo sai ya nemi kujera ya sha ruwa tukuna, in kuwa mummuna ne a tsaye yake zazzage shi. Ranar bai ko kalli kujera ba.

"Yaya! Ina Yaya Baballe? Ku fito ku ga surukin da kuka sa wa rana!"

Mahaifinta Alhaji Baballe ya ɗaga labule ya fito, dawowarsa ke nan daga mahauta. Inna Hadija ta biyo shi tana gyara ɗankwali. Rahinatu ta miƙe tsaye, don suruki ɗaya ne a gidan nan, kuma nata ne.

Nu'man maraya ne, ɗan Hajiya Dije ta unguwar Elig-Edzoa. Aikin lantarki ya karanta, wani kamfanin Shinuwa, wato mutanen Sin, ya ɗauke shi, da suka ga hannunsa na da kyau suka tura shi ƙasarsu ƙaro ilmi. Kafin ya tafi an kawo kayan sa rana, an tsaida biki sai ya dawo. Akwatin zannuwan na nan a ƙarƙashin gadon Inna, goro da alawa kuwa duk unguwarsu ta Briqueterie an ci.

Baffa Gali ya miƙa waya. "Kamfanin da kansa ya baza hoton nan, ba sharrin kowa ba ne. Duba da kyau!"

Rahinatu ta leƙa ta bayan kafaɗar Inna. Nu'man ne, ko a cikin dubu ta san ƙeyarsa. Ba takalmi a ƙafarsa, ya durƙusa gaban wani tsoho mai dogon farin gemu, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Bayansu wani gini ne mai jajayen ginshiƙai, rufinsa ya lanƙwashe sama, ga hayaƙi na tashi daga wata tukunyar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin 'yan kwamfu ya san irin wannan gini, a ciki ake ganin masu aski ƙwal suna sunkuyar wa gunki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna, ta zauna daɓas a kan turmi.

"Ba na faɗa muku ba?" Baffa Gali ya ɗaga murya. "Sun cinye mana kasuwa, yanzu sun koma kan 'ya'yanmu. Yaro ya sayar da imaninsa saboda muƙami!"

Gaskiya Baffa Gali na da ciwo. Shagon takalmansa na kasuwar Mokolo, wanda ya yi shekaru yana ci da iyali, kayan Shinuwa masu araha ne suka rufe shi. Sai dai wayar da yake ta kaɗawa a fuskar mutane ta can ce, babur ɗin da ya kawo shi ma haka.

Alhaji Baballe ya daɗe yana kallon hoton, jijiyar goshinsa ta miƙe. Da ya buɗe baki muryarsa a ƙasa take, wannan ne ya fi tsorata Rahinatu.

"Na rantse da Allahn da ya halicce ni, ba zan ba wa yaron nan 'yata ba. Ranar Juma'a in an sauko masallaci, Gali, ka mayar musu da kayansu."

"Baba, don Allah!" Rahinatu ta zube a gabansa. "A bari a ji ta bakinsa. Ka san rezo ɗin wayar can ba irin namu ba ne, tun da aka kai su wani gari daban ko uwarsa ba ta same shi ba..."

"Ta bakinsa? Abin da ido ya gani? Ba ni wayarki."

Ta miƙa masa.

Tun daga ranar abinci ya daina wuce mata. A famfo mata na ganinta sai su yi shiru, in ta juya baya a ɗora. Amma ba tsegumin ne ke cinta ba. Abin da ke hana ta sakat shi ne: in fa gaskiya ne? In Nu'man ya bar addini ba mahaifinta ne ya raba su ba, Allah ne, kuma ba wanda za ta kai wa kuka. Sai ta tuna shi yana tsayar da hira da ita don ya bi jam'in Magariba, ta ce ƙarya ne. Sai hoton ya dawo mata, ƙafa ba takalmi, hayaƙi na tashi. Tana son sa, kuma tana tsoron son ya zame mata zunubi.

Ranar Laraba da yamma ta jiyo mahaifinta yana ba Inna labari da fushi.

"Yau na kori wani tsohon Shinuwa daga teburina. Shekara da shekaru yana zuwa sayen rago, ya kafe sai an yanka a gabansa, sai ka ce mu ne ba mu iya sana'a ba. Na ce ya je can, ba na sayar wa masu cin kare!"

Ƙawarta Jaratu, mai sayar da makala, irin fanken nan, a ƙofar shantiye, wato filin da Shinuwa ke gini, ta leƙo washegari da safe. Rahinatu ta ja ta bayan ɗaki ta gaya mata.

"Ai na san shi," in ji Jaratu. "Papa Ma, kukunsu ne. Yana jin Faransanci kaɗan-kaɗan."

"Ki kai ni wurinsa. Duk unguwar nan kowa ya yanke hukunci, ba wanda ya taɓa taka ƙasar. Shi ɗan can ne, ya san ginin mene ne."

"Ke Rahina, sa ba pa, kanki ɗaya kuwa? In Baba ya ji kin fita fa? Kuma in tsohon ya ce miki e, gidan gunki ne?"

Hawaye suka zubo wa Rahinatu. "To na ji da kunnena, in yi kukana mai dalili."

Inna ta ga fitarsu, ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗe.

Suka matsu cikin taksi da fasinjoji, suka wuce babban zauren wasanni na Warda da Shinuwa suka gina, suka yi ta hawa da gangara har bayan gari. Shantiyen kewaye yake da shuɗin kwano, ƙarar injuna kamar ƙasa za ta tsage. Wani ƙaton kare ya taso yana fizgar sarƙa, Rahinatu ta ƙanƙame Jaratu. Duk labaran da ta taɓa ji game da abin da ake dafawa a irin wuraren nan suka taso mata lokaci ɗaya. Da ƙyar maigadi ya bar su, don ya saba cin makalar Jaratu kyauta.

A wata rumfa ta baya suka same shi, gajeren tsoho mai siririn gemu, riƙe da faffaɗar wuƙa yana daddatsa albasa. Ya ɗago ya dube su. Jaratu ta buɗe hoton a wayarta ta miƙa masa.

"Pardon, Papa. Wannan wurin, mene ne?"

Tsohon ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya kusanto da wayar fuskarsa. Sai suka ga idanunsa sun kawo ruwa. Ya dafa ƙirji.

"Moske," ya ce. "Masjid. Irin na garinmu. Wannan tsoho, imam. Yaro yana gaishe shi."

"Hayaƙin fa?" Rahinatu ta tambaya.

Ya yi alamar shaƙa da hanci, ya yi murmushi. Turare ne kawai. Ya lura ba ta gama yarda ba, sai ya gyara tsayuwa ya fara karanta Fatiha. Harshensa baƙo ne, wasu haruffan na karyewa, amma ita ce, aya bayan aya har "walad-dallin". Rahinatu ta sulale ƙasa ta fashe da kuka, irin kukan da ta kwana biyu tana haɗiyewa. Ashe dalilin da ya sa yake kafewa sai an yanka a gabansa ke nan!

Da ta natsu, ita da Jaratu suka haɗa Faransanci da nuni suka gaya masa komai, har da cewa mahaucin da ya kore shi mahaifinta ne, suka roƙe shi ya zo ya yi masa bayani. Fuskarsa ta canja. Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da yankan albasa, bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Haka suka baro shi.

"Ki gaya wa Baba mana," in ji Jaratu a hanya.

"In ce masa na je shantiye ba izninsa, na jiyo daga bakin wanda ya kora? Sai ya ce an haɗa baki."

Inna kaɗai ta gaya wa. Inna ta gwada buɗe zancen da Alhaji, ya ɗaga mata hannu tun kafin ta kai rabi.

Juma'a ta zo da hadari. An sauko masallaci, an fito da akwati an ajiye a bakin ƙofa, Baffa Gali na ɗaure shi a bayan babur. Maƙwabta sun cika lungun, kowa ya ƙirƙiro abin da ya fito yi. Rahinatu na tsaye bayan labule tana kallon igiyar na zagaya akwatin, kowane ƙulli kamar a wuyanta. Ta san in kayan nan suka isa Elig-Edzoa shi ke nan, ko gaskiya ta fito daga baya, gidajen biyu ba za su sake haɗa ido ba.

Baffa Gali ya tayar da babur. Sai lungun ya yi tsit, mutane suka dare.

Papa Ma ne, cikin doguwar riga mai ruwan toka da farar hula, ɗan abin sallarsa a naɗe a hammata, Jaratu na biye da shi. Ya zo har gaban Alhaji Baballe ya tsaya.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah."

Alhaji ya dubi hular, ya dubi baƙin tabon da ke goshin tsohon, irin wanda doguwar sujada ke bari. Ko yaron Islamiyya ya san sallamar Musulmi bashi ce, amsa ta wajibi. In ya amsa, ya yarda a gaban unguwa cewa ɗan'uwansa ya kora da zagi. In ya ƙi, ya saɓa wa Allah a ranar Juma'a. Rahinatu ta toshe bakinta da gyale.

"Yaya, kada ka yarda, dabara ce!" in ji Baffa Gali.

Alhaji bai waiwaye shi ba.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu."

Aka shimfiɗa tabarma. Tsohon ya nuna musu hotunan masallacin garinsu a wayarsa: ga lanƙwasasshen rufi, ga jajayen ginshiƙai, ga kuma sahu-sahu na mutane cikin fararen huluna sun kai goshi ƙasa. Ya ce kakanninsa sun yi ɗaruruwan shekaru suna salla a irin ginin nan. Wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, ana ta salati. Baffa Gali ya kashe babur, ya fara kwance igiya ba tare da kowa ya sa shi ba.

Alhaji ya kama hannun tsohon da hannu biyu, kansa a sunkuye. "Ka yafe mini. Na zage ka, na zagi yaron da ba ya nan." Sannan ya juya wajen labule. "Rahinatu, fito. Ke kika je nemo shi?"

Ta fito ta durƙusa. "Ni ce, Baba. Na fita ba izninka, ka yafe mini."

"Fitar laifi ce, kada ki ƙara." Ya share ido da bakin riga. "Amma ke kin je kin tambaya, ni da furfurata na zauna na rantse."

"To rantsuwar fa, Yaya?" Baffa Gali ya tambaya a sanyaye.

"In mutum ya rantse ya ga abin da ya fi alheri, ya yi kaffara ya bi alherin. Gobe zan yanka rago in ciyar da miskinai goma. Hadija, mayar da akwatin nan ɗaki."

Bayan Babbar Salla Nu'man ya dawo, ya rame don kewar tuwo. A ƙofar gida ya ji duk abin da ya faru, ya riƙe kai.

"Ni da na yi ta neman masallaci kamar mai neman ruwa, ranar da na same shi har kuka na yi, ashe nan ana shirin yi mini sallar gawa! Rahina, ke ma kin zarge ni?"

"Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "Shi ya sa na ƙi zama da tsoron."

An ɗaura aure lungu cike maƙil, Papa Ma na cikin shaidu.

'Yan'uwa, duniya ta buɗe, 'ya'yanmu na zuwa ƙasashen da iyaye ba su sani ba sai a fim. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a gina rantsuwa a kansa. Rahinatu ta yi haƙuri, ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba, amma ba ta naɗe hannu ba. Da ta tsaya kuka kawai a bayan labule, da an raba ta da mijinta saboda ya shiga masallaci.