Ƙofar Bayan Motar Halliru

Magariba ta kawo jiki a Gummi. Hure na tsakar gida tana kwashe tuwo, sai ta ji ƙwanƙwasa daga inda mijinta Halliru ya ajiye sabuwar motarsa, a-kori-kura mai manyan tayoyi da ya sayo don ɗauko shinkafa daga fadama. Ba kowa kusa da ita. Daga cikin ƙofar baya ƙarar take fitowa, a hankali, kamar ta ƙaramin hannu.

Sai duwatsu suka fara sauka kan kwanon rufin gidan. Halliru ya nufi zaure zai kira maƙwabta, ya sa ƙafa waje, ya tsinci kansa tsaye gaban motar. Hure ta gwada da gudu, sai ga ta a gindin murhunta. Gari ya waye, rana ta sake faɗuwa, shiga dai ana shiga gidan, fita ce babu. Bafulatanar da ta leƙo tallan nono tana nan bakin rijiya tana kuka. Itace ya ƙare, garin tuwo ya kusa.

'Yarsu Munira, wadda ko gaisuwarta da ƙyar ake ji, ta jingina da taya, ta buɗe baki da muryar Rabe, dillalin da ya sayar da motar, har da tarinsa.

"Alhaji, hwentin kamhwani na! Ko ƙuda bai taɓa sauka kanta ba."

Kowa ya san mai sayen mota yakan ƙwanƙwasa jikinta, ya ji inda aka cike lotsawa aka rufe da fenti. Hure ta dubi mijinta.

"Malam, ka ƙwanƙwasa kahin ka saya?"

"Na ƙwanƙwasa."

"To?"

"Na ji an amsa. Rabe ya yi tari, ya ce sabon ƙarhe haka yake."

Ta waya suka kira Malam Ɗanmusa mai ruƙiyya. Ya shigo yana sane shi ma ba zai fita ba. Ya zauna gaban yarinyar, ya yi ta karatu har muryar Rabe ta gushe, ta wata tsohuwa ta fito.

"Ke wace ce?"

"Mai tsamiyar hanyar Zugu. Wagga mota ta daki gidana. Ƙohwa ta lotse, ta haɗiye reshen da jikana ke kwance. Mai gyara bai buɗe ba, ya cike, ya shahe. Yaro na ciki. In bai hita ba, ba mai hita."

"Ba su sani ba sunka saya."

"Ya ƙwanƙwasa, yaro ya amsa mai!" Ta nuna ƙofar motar da hannun yarinyar. "A buɗe. Ɗiyar ga kuma ta zauna hannuna sai na ga nawa gida."

"Yarinya ba ta cikin ciniki. Ki sake ta yanzu, ni da kaina zan kai reshen."

"To lotsawar ta zauna yadda take, kar a sake ruhe ta har abada."

Halliru ya dubi farin fentin da yake gogewa da hannun rigarsa kullum safe. Hure ta miƙa masa wuƙarta. Ya kankara, ciko na zubowa kamar busasshen ƙanzo, har ramin ya bayyana, da wani reshe bai fi yatsa ba maƙale a ciki. Malam Ɗanmusa ya zare shi da bisimilla, ya sa a aljihu don ya mayar gindin tsamiyar.

Munira ta yi atishawa. "Inna, yunwa."

Mai nono ce ta fara zurawa waje, ko ƙwaryarta ba ta ɗauka ba. Hure ta bi ta a hankali, ta tsallake dokin ƙofa, ta rufe ido. Da ta buɗe, titi ta gani.

Har yau motar na yawo da lotsawarta. Masu gyaran jikin mota a Bukkuyum sukan ɗaga wa mai ita hannu, "Alhaji, kawo mu shahe maka!" Halliru bai taɓa rage gudu ba.