Karkataccen Rubutun Auta

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai taurin kan tsiya. Idan kana son ganin fushinta, ka ce mata abu ba zai yiwu ba.

Tana da ƙane guda, ana ce masa Auta. Bara ƙyanda ta kama shi. Da ƙurajen suka bushe, kowa ya ɗauka an gama. Ashe da saura. Bayan mako guda zazzaɓi ya dawo, Auta ya riƙa suma yana fizge-fizge. A asibiti likita ta ce cutar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Auta ya tashi, amma hannunsa na dama yana rawa. Magana ma sai a hankali take fita.

Likita ta ba shi littafi mai shuɗin bango. Ta ce, "Kullum ka rubuta layi uku. Duk Asabar idan ka zo motsa hannu, ka kawo mini. Da shi zan san yadda hannun yake warkewa."

Ran nan maƙwabciyarsu ta shigo aron tsintsiya. Ta ga Auta yana fama da fensir, gumi yana keto masa.

Ta ce, "Allah sarki! Wannan kam shi da rubutu har abada."

Yarinyar ta miƙe tsaye. "Zai yi! Za ki gani da idonki!"

Mama ta ce, "Ke! Haka ake yi wa manya magana?"

Yarinyar ta koma ta zauna. Da Mama ta shiga ɗaki, sai ta fizge littafin.

Auta ya ce, "Yaya... bar... mini."

Ko ta kansa ba ta bi ba. Kwana shida tana rubuta masa layukan nan, tsaf-tsaf, ba ko karkata.

Ranar Asabar suka je asibiti tare da Mama. Likita ta buɗe littafin, ta yi murmushi.

"Kai, madalla! Hannu ya warke. Ba sai ka ƙara zuwa motsa hannu ba. Yara da yawa suna jira, zan ba wani wurinka."

Nan take yarinyar ta gane ɓarnar da ta yi. Idan aka sallami Auta, wa zai gyara hannun?

Kafin ta buɗe baki, Auta ya bugi tebur da hannun hagu.

"Ba... nawa... ba ne!"

Kunya ta rufe yarinyar. Ta ce, "Ni na rubuta. Ba na son a ce ba zai iya ba."

Likita ta rufe littafin. "To ai ke ma abin da kika ce ke nan, da kika karɓe masa fensir. Ƙwaƙwalwarsa tana sake koya wa hannun aiki ne. Duk layin da kika rubuta, kin hana shi koyo."

Yarinyar ta juya da hawaye. "Auta, ka yafe mini."

Ya miƙa hannunsa mai rawa. "Ba... ni... fensir."

Daga ranar, idan Auta yana rubutu, sai ta zauna a kan hannuwanta don kada su yi mata gardama. Mama tana ta yi mata dariya. Fensir ya faɗi sau goma, Auta ya ɗauka sau goma.

Bayan wata huɗu ya miƙo mata takarda. Ya rubuta: YAYA MAI TAURIN KAI.

Ta ruga da gudu ta kai wa maƙwabciyar. Matar ta gyara tabarau, ta ce, "Ai a karkace yake."

Yarinyar ta ɗaga kai. "A karkace yake, amma nasa ne!"

Ta gane cewa taimakon mai jinya ba shi ne ka yi masa komai ba. Ka tsaya kusa da shi, ka bar shi ya gwada da kansa.